Tsohuwar da ke Rijiyar Balys

Shekara arba'in da ɗaya muka yi muna maƙwabtaka da Balys, shinge ɗaya ne tsakaninmu, kuma ba na jin akwai makon da ya wuce ban gaya masa baƙar magana ba. In ba kajinsa ne suka tone mini albasa ba, to hayaƙinsa ne ya shiga shanyata. Shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya cire hula, ya sosa sanƙo, ya ce, "Gaskiyarki, maƙwabciya," ya ci gaba da abin da yake yi. Babu abin da ya kai wannan ƙona rai, mutum ya shirya faɗa tun safe a ce masa gaskiyarsa.

Direban motar madara ne tun zamanin gonar gwamnati. Shekara talatin yana zagaya ƙauyuka yana kwasar madara zuwa garin Birzai, har ya yi ritaya bai taɓa take ko kare ba. Amma in ka tambayi kowa a yankinmu wane ne Balys, ba mai ce maka direba, mai giya za a ce. Ba sana'a ba ce, don bai taɓa sayar da ko kofi ɗaya ba. Sha'awa ce kawai da gadon gida. A da, nan arewacin Lituwaniya, da wuya ka wuce gida uku ba ka sami mai dafa tasa ba. Da aka yi ta mutuwa, matasa kuma suka watse ƙasashen waje, sai ya zama shi kaɗai ya rage a ƙauyenmu. Biki, baftisma, jana'iza, duk gangarsa ce ke zuwa, shi da kansa yake turo ta a amalanke.

Aikin ba na rago ba ne, wannan kam na shaida. Sha'ir ɗinsa shi yake nomawa a bayan gida. Ya jiƙa shi cikin buhu a rafi, ya baza a daɓen sito har ya yi tsiro, ya busar a ɗakin wankan turiri, ya ɓarza. Ranar dahuwa tun da sassafe yake hura wuta, ya dama tsiron da ruwan zafi a wani ƙaton bahon katako da ya girme ni, da muciya mai tsawon mutum, sannan ya tace ta cikin busasshen karan hatsi. Furen da ke ba giyar ɗaci kuwa a jikin shingenmu yake yaɗo, rabi a wajena, kuma ban san sau nawa na rantse zan sare shi ba.

Duk wannan wahala, in babu Tsohuwa, ruwan zaƙi ne kawai. Tsohuwa shi ne sunan da suke kiran yis ɗin gidansu, wanda ke tayar da giyar. Wani farin abu ne mai kauri a kwalba, an ɗaure kwalbar da igiya an zura cikin rijiya inda sanyi yake. Duk dahuwa a jawo ta a zuba, ta ci ta ƙoshi ta yi kumfa, a kwashi sabon kumfar a mayar rijiya. In aka bar ta wata huɗu ko biyar ba dahuwa, ta mutu ke nan, kuma ba a sayar da irinta a kanti. Lokacin da aka kwashe iyayensa zuwa Siberiya uwarsa na da cikinsa. Wai ta shafa Tsohuwa a ƙyalle ta ɗinke cikin rigar sanyinta, ta yi ta ciyar da ita a can da ɗan abin da ta samu. Bayan shekara tara ta dawo da yaro da kwalba, dukansu da rai. Ni dai ban gani ba, amma Balys ba ya ƙarya, ba shi da wayon yin ta.

Tsohuwa tana da tsoro, in ji su. Ba a buga ƙofa kusa da ita, ba a zagi, kuma mai fushi ba ya zuba ta a baho. In ya zuba, ko dai ta ƙi tashi ko giyar ta yi tsami. Shi ya sa duk ranar dahuwa marigayiya Vanda, matarsa, takan leƙo ta shinge ta ce, "Filomena, don Allah yau ki yi wa kajin nan haƙuri, gobe ki haɗa musu da na yau." Nakan yi haƙurin, amma don Vanda.

Abin dariya, mai giyar ba ya sha. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a ciyawa. Wai gyambon ciki gare shi. Abokansa su yi ta tsokanarsa: "Kai Balys, faɗa mana gaskiya, me kake zuba mana a ciki da kai ba ka haɗiyewa?" Sai ya yi murmushi ya ƙara musu.

Ni ma ba na sha, amma ni ina da dalili. Shekara ashirin da biyu ke nan, ranar yankan ciyawa, mijina Zenonas ya tsallaka shinge da tsakar rana wai zai jiƙa maƙoshi wajen Balys. Ya dawo yana waƙa, ya hau tarakta, ta kife da shi a gangaren tafki. Na san Zenonas ba ya zaɓe. In bai sami ta Balys ba ta kanti zai sha, wadda ta fi muni, na san wannan sarai. Amma dai ta Balys ya sha ranar. Na yi wa mutumin nan faɗan kaji, na yi masa faɗan hayaƙi, har faɗan inuwar bishiyarsa na yi, amma wannan maganar ban taɓa furta ta ba. Na ajiye abina a ciki.

Bara, cikin Fabrairu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Vanda ta riga ta rasu da shekara shida, ɗansu ɗaya kuwa, Rimas, yana Norway yana aikin gyaran kifi. Ya zo ya yi mako guda a asibiti ya koma. Cikin Afrilu aka dawo da Balys gida da sanda, baki a karkace, hannun dama a rataye, magana na fita ɗaya bayan ɗaya. Na riƙa kai masa miya da burodi, ba don komai ba sai don kada a ce maƙwabcina ya mutu da yunwa ina zaune.

Wata rana na ajiye kwano zan fita ya ce, "Maƙwabciya, jawo mini Tsohuwa in gan ta."

Na jawo, na kawo. Ya buɗe murfin da hannun hagu da haƙori, ya sansana.

"Yunwa take ji," ya ce. "Rabonta da ci tun kafin Kirsimeti."

"To Rimas ya zo ya dafa mana. Ba gadonsa ba ne?"

"Sai Agusta za a ba shi hutu. Ba za ta kai ba."

"Ina abokan naka masu cika baki?"

"Ɗaya yana makabarta. Ɗaya hannunsa rawa yake. Ɗaya kuma zai shanye tun ba ta tashi ba." Ya ɗago ya dube ni. "Saura ke."

"Ni? Kai Balys, ashe ciwon har kai ya taɓa? Ni ce zan dafa giya? Ka rasa wadda za ka raina a duk faɗin ƙauyen nan sai ni?"

"Gaskiyarki, maƙwabciya," ya ce, ya sa hannun riga yana goge jikin kwalbar a kan cinyarsa. Na fita na buga masa ƙofa da gangan.

Washegari ina wanke kwano na hango shi ta taga. Ya fito da buhun tsiron da ya rage masa tun kaka, yana jan sa da hannu ɗaya daga sito zuwa ɗakin dahuwa. Ya ja taku ɗaya, ya huta, ya sake ja. Na ce bari in ga iyakar taurin kai. Da ya durƙushe kan gwiwa ya kasa tashi, ban san lokacin da na tsallaka shinge ba.

"Tashi, tsohon banza," na ce. "Sau ɗaya tak zan yi, ka ji ko? Kuma ba zan ɗanɗana ba."

Ranar Asabar muka yi. Na ɗora shi kan kujera a bakin ƙofar ɗakin dahuwa, na lulluɓe masa ƙafa, shi ke faɗa ni ke yi. Na ɗebo ruwa bokiti ashirin, na hura wuta, na tuƙa tsiron nan da muciya har kafaɗata ta nemi gocewa. In na yi sauri ya ce a hankali, in na yi a hankali ya ce zai kama. Sau goma maganar ta zo mini baki ina haɗiyewa, don kwalbar na kan benci tana jinmu. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa yin wuni guda shiru irin na ranar ba. Na tafasa furen ɗaci dabam, na tace, na haɗa, muka zauna jiran ya huce. Can la'asar ya ce in tsoma gwiwar hannu, in na ji kamar madarar da aka tatso yanzu to ya yi. Na tsoma, saura kaɗan. Na ɗauki kwalba in shirya.

"Dakata," ya ce. "Ajiye ta."

"Me kuma na yi?"

"Hannunki ba zai yi ba."

"Tun safe ban ce maka uffan ba, Balys. Me kake so, in yi maka waƙa?"

"Ba faɗan kaji nake nufi ba." Ya laluba sandarsa. "Kama ni mu fita waje. Can Tsohuwa ba ta ji."

Na kai shi bencin da ke jikin sito, nesa da ɗakin. Ya zauna yana haki, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"To faɗa," ya ce. "Shekara ashirin da ɗaya ina jira."

Da farko na ce ban san abin da yake nufi ba. Kallona kawai yake da wannan karkataccen baki. Sai abin ya ɓalle. Na ce masa shi ya kashe mini miji. Na ce masa ni na wanke laka daga kunnuwan Zenonas da hannuna, ina da shekara arba'in da bakwai, da 'ya'ya mata biyu a makaranta da shanu uku. Na ce masa ranar jana'iza har ya iya turo ganga gidana, mutane suna sha suna yaba masa, ni ina ɗaki ina jin su. Na ce duk ranar da na ji ƙamshin tsironsa ya tsallako shinge sai na kasa cin abinci. Na faɗa masa abubuwan da ko a gaban Fadan coci ban faɗa ba, har muryata ta dishe. Bai sunkuyar da kai ba, bai kuma ce mini gaskiyata ba.

Da na yi shiru ya ce, "Akwai saura wanda ba ki sani ba."

"Faɗi."

"Kofi huɗu ya sha. A na uku ya ce ya isa, zai hau tarakta. Ni na ce masa ƙara ɗaya, sabuwa ce, ka gaya mini ko ta fi ta bara." Maganar na fita da ƙyar, yana goge miyau da hula. "Yabo nake so, Filomena. Shi ke nan. Yabo."

Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Duk shekarun nan ina zarginsa, amma a can ƙasan raina ina cewa zalunci nake yi masa. Ashe da gaske ne.

"Kuma ba ni da gyambon ciki," ya ce. "Cikina lafiya ƙalau. Tun ranar ne ban sake haɗiyewa ba."

"To don ubanka me ya hana ka daina dafawa?"

"In na daina ta mutu. Ba ita ta zuba masa ba, ni ne."

Ƙarya ne in ce na yafe masa a nan. Mun daɗe zaune, kajinsa na kiwo a ƙafafunmu, ba mai duban wani. Raina ya ɓaci fiye da yadda na fito da shi, kuma na ji tausayinsa, kuma na ji haushin kaina da na ji tausayin. Can ya ce ruwan na hucewa, in ba zan iya ba a bari, ba zai ga laifina ba. Na duba cikina. Baƙin cikin yana nan, amma babu sauran maganar da na ɓoye, ko guda. Na tashi na wanke fuska a bokiti, na shiga, na juye kwalbar a baho a hankali. Na rufe da zanen gado, na ɗora tsohuwar rigar sanyinsa a kai kamar yadda ya ce, na ja ƙofa ba ƙara.

Balys ya ce in da ranta, kafin wayewar gari za ta nuna. Gari ya waye, na ɗaga zane, ruwa kwance lumui. Litinin ma haka. Na je na gaya masa, ya ce, "Ta daɗe da yunwa, wataƙila mun makara." Bai ce hannuna ne ba, amma ni na ce. Ni da na yi shekara da shekaru ina yi wa Vanda dariyar camfi, sai ga ni ina tafiya da sanɗa a tsakar gidan mutum. Kajinsa suka shiga lambuna suka yi abin da suka ga dama da albasa, na kore su da hannu kawai. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san in ta mutu a hannuna ba zai daɗe a bayanta ba, kuma zan zama na rama ba tare da na yi niyya ba.

Talata da safe tun daga bakin ƙofa na ji ƙamshin ya canja. Na kara kunne jikin baho, na ji wani ɗan sauti can ƙasa, sss, kamar mai a kasko. Na ɗaga zane. Kumfa ta rufe ruwan gaba ɗaya, fara, mai kauri, tana motsi. Na ɗebo a ludayi, na tare da tafin hannu, na kai masa har gado.

Ya sansana, ya sa yatsa ya taɓa, sai hawaye ta ido ɗaya.

"Ta tashi," ya ce.

"Na gani, ai ba makauniya ba ce ni."

"Da la'asar ki kwashe a kwalba ki mayar rijiya. Wanke kwalbar da ruwan zafi, ban da sabulu."

"Sai ka koya mini wankin kwalba kuma?"

"In za ki fita kada ki buga ƙofa, maƙwabciya."

Bai kai Agusta ba. Cikin Yuni ciwon ya sake bugunsa yana zaune kan wannan benci, da rana tsaka, ni na same shi. Giyar da muka dafa ita aka sha a jana'izarsa, ni na turo gangar a amalanke. Abokin nasa mai rawar hannu ya kurɓa ya ce ta ɗan yi zaƙi, amma ta gidan ce, ko a ina ya ji ta zai gane. Ya tambayi wanda ya dafa. Na ce ya sha ya yi shiru.

Rimas ya zo, ya yi kuka sosai, yaron kirki ne. Ranar da zai koma yana kulle tagogi, na jawo kwalba daga rijiya na kai masa.

"Ga gadonka," na ce.

Ya dube ta, ya sa hannuwa a aljihu. "Inna Filomena, mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a can. Ko na tafi da ita ba dafawa zan yi ba, ban ma iya ba. Gidan ma sayarwa zan yi." Ya kau da kai. "Ki zubar kawai. Baba ba ya nan, ba zai sani ba."

Maganar ta taso mini tun daga ciki, kuma na san da na buɗe baki sai yaron nan ya gwammace bai zo ba. Na shirya masa ita tsaf, da kakarsa da Siberiya da ubansa durƙushe kan gwiwa da buhu. Sai na tuna abin da ke hannuna. Na rufe bakina, na ce Allah ya kiyaye hanya, na juya.

Kafin ya sa makulli na sa ya taya ni ɗauko baho da muciya zuwa sitona. Cikin Satumba na dafa ni kaɗai, na sake kafin Kirsimeti. Har yau ban ɗanɗana ba, ban san ko tana da daɗi ba, kuma duk wanda ya zo sha kofi biyu nake ba shi, in ya nemi na uku ya ji abin da bai taɓa ji ba, amma a waje. Gidan Balys yanzu wasu 'yan birni ne suka saya, ba su da kaji, ba sa hura wuta, ba ni da abin da zan yi musu faɗa a kai. Ina kewar tsohon nan fiye da yadda zan iya faɗa. Shekarata sittin da tara, 'ya'yana suna birnin Vilnius, kuma har yanzu ba wanda ya zo ya ce in koya masa. Wata mai zuwa Tsohuwa za ta sake jin yunwa, na riga na jiƙa sha'ir.